Ƙarar Motar Baba Dangana

Ku matso nan, ku da kuke cewa wankin inji ai wankin kwano ne. Jiya na ji ɗayanku yana ba da labari, wai a waya ya kalla, wani ya sauke injin tsohuwar mota a bayan gidansa, ya wanke, ya mayar, tun shayinsa bai huce ba. To madalla. Mai ɗaukar hoton bai nuna muku inda noti ya karye a ciki ba, bai kuma nuna muku lokacin da matar gidan ta fito neman bahonta ba. Ni Sale, da ake ce wa Sale Kafireta, a ƙarƙashin bonet na yi furfura, amma har gobe in zan buɗe tsohon inji sai na yi bisimilla sau biyu, ɗaya don ni, ɗaya don mai motar.

Na zo garin nan lokacin da ake kwaso gwamnati daga Legas, tituna sun fi motoci yawa. Ma'aikata na tahowa da iyalansu da katifunsu da motocinsu, motocin da iskar teku ta ci ƙasansu har kana zaune kana hango kwalta ta tsakanin ƙafafunka. Ogana, Oga Lasisi, Bayarabe ne, shi ma motocin ya biyo, ya kafa rumfa a bakin hanyar Karu. Aikina na farko a hannunsa wankin noti. Baho, kananzir, da burushin haƙori wanda ya gama wa'adinsa a bakin wani, su ke nan kayan aikina, ban riƙe sifana ba sai da damina ta zagayo. In na wanke, ya ɗaga noti a rana ya ƙura masa ido, in ya ga baƙi a cikin zaren sai ya wurga shi cikin yashi ya ce in sake. Ni in zage shi a zuci da Hausa, shi ya zage ni a fili da Yarabanci, muka zauna lafiya.

A wurinsa na koyi cewa duk abin da ka kwance, ka jera shi a kan kwali yadda ya fito, na hagu a hagu, na dama a dama, don inji ba ya son a canja masa maƙwabta. Ba a watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi. Ba a wanki sai an ɗaure kan distiributa da bakin kafireta da leda. Ba a wanki da fetur a inda ake hura wuta, sai dai in kana son unguwa ta san sunanka. Sannan akwai dokar da ya fi tsanantawa: tsohon kaya na mai mota ne. Ko fulogi ne da ya mutu murus, ka zuba shi a buhu ka ajiye masa a but, shi ya zubar da hannunsa. Ya ce bakaniken da ke tafiya da tsohon kaya, wata rana da sabo zai tafi.

Da Oga Lasisi ya yaye ni na kafa tawa rumfar, na yi shekaru ina cin abincina. Sai shekarar rusau ta zo. An sa mana jan fenti a bango, muka ce wasa ne, ai an sha sawa. Wata safiya katafila ta shigo layinmu, ba ta tambayi kowa sunansa ba. Ramin da nake shiga ƙarƙashin mota, wanda na haƙa da hannuna, a gabana aka cike shi da rufin rumfata. Na fita da akwatin sifana da jak ɗaya. Shekarar nan mun ji jiki, kwastoma ba su san inda za su same ka ba, kai ma ba ka san inda za ka tsaya ba. Wasu suka koma gida, wasu suka kama acaɓa. Ni kuwa na ce tunda mota ba za ta iya zuwa wurina ba, bari ni in je wurinta. Haka na zama bakaniken gida-gida, kuma a nan na gano cewa garin nan cike yake da tsofaffin motoci masu kafireta, lulluɓe da tamfol a bayan gidaje, masu su ba sa hawa, ba sa kuma sayarwa.

Aikin gida yana da nasa aljanun. Wata rana a Jikwoyi na warwatsa kafireta a faranti, na juya in ɗauko burushi, kaza ta zo ta haɗiye ɗan ƙaramin jet ɗin da mai ke bi, wanda ko a kasuwar 'yan gwangwan ba ka samun irinsa. Muka tsaya ni da mai gida muna kallon kaza, ita ma tana kallonmu. Ya ce ko a jira ta? Na ce Alhaji, jira babu tabbas, gidan nan yashi ne. Aka yanka ta. A cikin ƙundu muka same shi, ya fito yana ƙyalli ya fi yadda zan wanke shi, muka ci sauran da rana da shinkafa.

Amma aikin da nake son ku ji shi ne na gidan Baba Dangana a Karu. Baba Dangana mutumin Gbagyi ne, ɗan asalin wurin, kakanninsa na noman doya a nan tun ba a yi mafarkin birni ba. Da ma'aikatu suka iso ya ajiye fartanya ya koyi tuƙi, ya zama direba. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motocin ofis, ya sayi wadda ya daɗe yana ja. Daga ranar babu hannun da ya ƙara buɗe bonet ɗinta sai nasa. Da tsufa ya kama shi idonsa ya tafi a hankali, har ya daina gani. Duk da haka kullum da safe sai ya lalubo hanya da sandarsa zuwa gindin mangwaron tsakar gida, ya shiga motar, ya tayar, ya zauna yana saurare har inji ya ɗumama, ya kashe, sannan ya karya kumallo. Sai wata damina ta ƙi tashi, ta kwanta ke nan.

Babban ɗansa Ishaya, ma'aikacin gwamnati ne mai ofis nasa na kansa, shi ke zaune a gidan da iyalinsa yana kula da tsohon. Da aka kai Baba gidan 'yarsa Rahila a Jikwoyi don a gwada masa maganin ido, Ishaya ya nemo ni. Ya ce tunda motar ta mutu tsohon ya daina cin abinci sosai, yana son ya yi masa ba-zata, in mayar da injin kamar ranar da aka sauke shi daga jirgin ruwa. Na ce an gama. Ku lura, ban taɓa jin motar nan tana aiki ba, a mace na same ta.

Da na ɗaga bonet sai da na ja da baya na yi salati. Baƙin mai da ƙura sun yi kauri kamar daɓen ɗaki. Zanzaro ya yi gini a cikin matatar iska, ɓera ya yi iyali a bayan batir. Da na fara kankarewa sai gyare-gyaren Baba suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wuyan salansa, bututun fitar hayaƙi, ya tsage, ya naɗe shi da gwangwanin madara ya ɗaure da wayar keke. Tiyon lagireto naɗe da robar taya. A gindin kafireta, inda ya kamata a ga washa, kwabo ne mai huji, irin na zamanin da. Na yi dariya har Maman Talatu, matar Ishaya, ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ga yadda ake yi, ku buɗe kunne. Da katako ake kankare datti, ba da ƙarfe ba, don ƙarfe yana barin tabo. Sai kananzir da burushi, lungu-lungu, sai ruwan garin sabulu mai ɗumi, sai a bar rana ta yi nata aikin. Ramukan kafireta da famfon keke ake busa su, wanda ya zura musu waya ya faɗaɗa su, motar ta koma shan mai kamar raƙumi. Na sauke kan inji, na niƙa bawul ɗaya-ɗaya, kana murza sanda tsakanin tafin hannu kamar mai burga miyar kuka, har kafaɗarka ta ce ta gaji. Na sa sababbin zobban fistin, sabon gasket, sabon fulogi, sabon fanbel, sabon wuyan salansa, na saita tafet, 'yan ƙarafan nan da ke jere a ƙarƙashin murfin inji suna danna bawul, daidai wa daida. Bahon Maman Talatu kuwa sai dai Allah ya ba ta haƙuri, bai ƙara komawa wanki ba. Tarkacen Baba duka, har kwabon, na zuba a buhu na ajiye a but kamar yadda aka koya mini.

Ranar da na murza makulli, wallahi ni kaina na ji daɗi. Bugu ɗaya ta tashi. Ba tari, ba kuka, sai wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Na ɗora kofi cike da ruwa a kan inji, ko ɗigo bai zuba ba. Ishaya ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ta godiya, ni kuma ina ta wani ƙanƙan da kai na ƙarya, ina cewa ai ba komai.

Aka dawo da Baba, magani bai yi ba, ido yana nan yadda yake. Ishaya ya ce in zo in ga murnar tsoho. Aka kama hannunsa zuwa gindin mangwaro, jikoki sun kewaye, kowa na danne dariya. Ishaya ya shiga ya tayar. Baba ya karkata kai yana saurare, ya daɗe a haka.

"Motar wa ne wannan?" ya ce.

Aka kwashe da dariya, aka ce taka ce mana, Baba. Shi bai yi dariya ba. Ya shafa ƙofa ya sami lotsawar da ya sani, ya shafa kujera ya sami yagewar da ya sani. Ya ce a kashe, a buɗe bonet. Hannunsa ya tafi kai tsaye inda gwangwanin madara yake, babu. Ya koma gindin kafireta neman kwabo, babu. Ya shinshina yatsunsa, ko baƙin mai babu. Sai ya miƙe ya juya wajen da yake jin numfashin ɗansa.

"Jikin nawa ne. Injin kun sayar."

Nan fa kowa ya kama bayani a lokaci ɗaya. Ishaya ya ce ga lambar inji nan a jiki, a karanta masa. Baba ya ce da idon wa? Na ɗauko buhu na damƙa masa gwangwaninsa da kwabonsa a hannu, na ce Baba, wanka kawai na yi masa. Ya jujjuya su ya ce lalle, sai da muka tuɓe masa kaya sannan muka sayar. Ku kuma kada ku ce rikicin tsufa ne kawai. A lokacin nan ƙasa ta yi daraja a Karu, tsofaffi da yawa sun wayi gari sun ji an kewaye gonarsu da bulo, ɗan cikinsu ya sayar ba su sani ba. Amininsa ma haka aka yi masa. Baba ya ce wanda ya sayar da inji don ubansa ba ya gani, gobe gidan zai sayar da shi a ciki. Ya ce a haɗa masa jakarsa, a kira Rahila ta zo ta ɗauke shi, kuma ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zai tara dattawan dangi ya cire gidan daga hannun Ishaya a gabansu. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, to ranar ya zama.

Na ji tausayin Ishaya ƙwarai. Mutumin da ake miƙewa tsaye in ya shiga ofis, ga shi tsaye a tsakar gida kamar yaron da ya fasa tulu. Na bi Baba har bakin ɗakinsa ina rantsuwa. Ya tsaya a ƙofa ya ce injinsa yana magana, wannan kuwa bebe ne, in nasa ne to ya yi magana ya ji. Ya shige ya rufo ƙofa. Tagar ɗakin tana kallon mangwaro.

To, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ce wa Ishaya babu wata hanya, sai dai in ɓata gyaran da na yi, in mayar wa inji ƙararsa. Matsalar ita ce ban san ƙarar ba. Sai na shiga tambayar mutanen gida. Maman Talatu ta ce kamar injin markaɗe take yi. Telan da ke ƙofar gida ya ce ina, kamar kekensa ne in ya rasa mai. Wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo ba a gayyace ta ba, ta kumbura kumatu ta yi wani sauti da ya kori kajin gidan. Kowa da tasa ƙarar, in da zan bi su da sai na haɗa injin jirgin ƙasa.

Ishaya yana gefe yana sauraronsu. Can sai ya cire kwat ya rataye a reshen mangwaro. Ya ce shi ya san ta. Tun yana sakandare, daga kwanar titi yake jin ta, ya kashe talabijin ya ɗauki littafi kafin uban ya shigo. Ya gyara tsayuwa, ya rufe ido, babban ma'aikacin gwamnati da ɗamarar wuya, ya fara da baki: tari biyu tukun, sai ɗan kukan fanbel, sai tak-tak-tak a hankali, in an taka totur kuma sai wani siririn fito ya biyo baya. 'Ya'yansa suka faɗi ƙasa don dariya. Bai ko kalle su ba, ya sake yi mini daga farko.

Yanzu ku ji abin da ba a nunawa a waya. Ƙarar inji iri biyu ce, akwai mai kisa, akwai ta surutu kawai. Ƙwanƙwasa daga can ƙasa, wannan sallamar kabari ce, ba a wasa da ita. Amma tafet da ya ɗan saki, ko fanbel da ke kuka da sanyin safiya, waɗannan za su shekara suna surutu ba su kashe kowa ba. Ɓata inji kowane sakarai ya iya. Ka ɓata shi daidai gwargwado, ya yi ƙara amma ya zauna lafiya, wannan ya fi gyara wuya.

Na cire sabon wuyan salansana mai kyau, ina ji kamar haƙorina nake cirewa, na mayar da tsagagge, na naɗe shi da gwangwanin madara. Na mayar da kwabo mazauninsa. Na mayar da tsohon fanbel na ɗan sassauta. Na taɓa kafireta don ta yi tari. Muka tayar. Tari ya zo, kuka ya zo, fito ya zo. Sai muka ji murya daga taga.

"Ba shi ba ne."

Ashe yana zaune a bakin tagar. Saura tak-tak ɗin. Na kashe, na buɗe murfi, na sassauta tafet na gaba, na rufe, muka tayar. Taga ta ce ba shi ba ne. Na ɗaure wannan na saki na kusa da shi. Ba shi ba ne. Tun ana yi da fushi har tsohon ya manta yana fushi, ya fara cewa ya yi kaifi da yawa, ya yi sauri, wane irin bakanike ne wannan da ba shi da kunne. Ni da aka san ni daga Karu har Paikon Kore, ranar na sha zagi ta taga, kuma dole in ce to, Baba.

Ana cikin haka Rahila ta iso da tasi. Ta ga jaka a bakin ƙofa, ta ga yayanta da baƙin mai har gwiwar hannu, ta fara tambayar abin da aka yi wa babanta. Direban tasi yana ta hon a waje. Ishaya ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya sunkuya kusa da inji, ido a rufe, ya ce mini ba daga gaba take fitowa ba, daga can baya ne, kusa da sitiyari, shi ya sa mai tuƙi ya fi kowa jin ta. Na ɗaure duk na gaba. Na je kan na ƙarshe, na sassauta shi kaɗan, kamar kaurin gashi. Na rufe. Ishaya ya murza makulli.

Ta yi tari biyu, fanbel ya yi ɗan kukansa ya yi shiru, sai tak, tak, tak. Muka juya gaba ɗaya muna kallon taga. Taga ba ta ce komai ba. Ishaya ya ɗan taka totur, fito ya biyo. Shiru dai. Na ce a raina shi ke nan, ko ya yi barci ko ya gaji da mu.

Sai ƙofa ta buɗe, sanda ta fara fitowa. Ya tsallake jakarsa, ya taho shi kaɗai, babu wanda ya yi ƙarfin halin kama masa hannu. Ya tsaya a gaban mota yana saurare. Ya miƙa hannu ya sami gwangwani, ya janye da sauri don ya yi zafi. Ya sami kwabo. Sannan ya kai tafinsa can ƙarshen murfin inji ya ɗora, ya bar shi a nan.

"Ishaya."

"Na'am, Baba."

"Fito. Kawo hannunka."

Ishaya ya fito daga mota ya miƙa hannu. Tsohon ya kama ya ɗora a wurin, ya danne da nasa.

"Ka ji wannan? In na mutu, kada ka bar wani mai sifana ya ƙara taɓa maka shi."

Ya juya ya ce wa Rahila ta sallami mai tasi ta mayar da jaka ciki, ya tambayi Maman Talatu ko a gidan nan an daina dafa abinci ne. Ya wuce abinsa yana buga sanda, ko sannu bai ce mini ba.

Ishaya kuwa yana nan sunkuye a ƙarƙashin bonet, hannunsa a inda aka ɗora shi. Ya daɗe. Da ya ɗago yana goge fuska da hannun riga, sai ya ce mini hayaƙi ne ya shigar masa ido. Na ce haka ne, Oga, na ci gaba da tattara sifanuna. Amma injin nan ni na yi aikinsa, ba ya hayaƙi ko kaɗan.